Na saka fitilar LED a cikin motata, haɗa wayar wuta ne ya fi cin lokacina

Na daɗe ina sha'awar hasken nan mai laushi da ke zubowa kan darduma a cikin sababbin motoci, wanda za ka ga ƙafarka fes amma ba ka ga ƙwan da ke haska ta ba. Tawa ba ta zo da shi ba, sai na sayi zirin fitilar LED na ƙudura zan saka da hannuna.

Wanda na saya shi ne mai lamba 5050, ƙwai 60 a kowace mita, yana aiki da bolt 12, daidai da wutar mota. Ba a yanka shi ko'ina. Bayan kowane ƙwai uku akwai ɗan layi tsakanin ɗigon tagulla, nan kaɗai almakashi ke shiga. Na yanka guda huɗu, kowanne santimita 30: biyu na gaba, biyu na ƙarƙashin kujeru don masu zama a baya. Irin wannan zirin yana cin kusan wat 14 a mita, wato duka nawa bai kai amfiya ɗaya da rabi ba. Na raina wannan lissafin, shi kuwa ya ba ni wahala daga baya.

Mannawa ba ta ɗau lokaci ba, sai dai gam ɗin da ke bayan zirin ba ya jure zafin mota idan ta sha rana. Kwana kaɗan guda ɗaya ya saki, na same shi yana reto a saman burki. Gabana ya faɗi ƙwarai, domin abin da zai shiga tsakanin ƙafa da burki ba abin wasa ba ne. Na ɓare duka, na goge robar da sifirit har ta bushe ƙayau, na sa salatif mai manne baki biyu irin na mota, sannan na ƙara ɗaure kowane ziri da siririyar igiyar roba.

Babban kuskurena a akwatin fiyus yake. Na samo ɗan maƙalin nan da ake cusawa a gurbin fiyus, mai baki biyu, ɗaya na tsohon fiyus ɗaya na sabo. Na ga gurbi kusa da hannu, na cusa, fitila ta kama, raina ya yi fari. Ban auna ba. Ashe layin yana da wuta ko an zare makulli. Na rufe motar da rana tsaka, hasken rana ya danne na fitilar ban lura tana ci ba. Kwana biyu ban taɓa motar ba. Da na murɗa makulli, sai wata 'yar ƙara ƙas-ƙas kawai, batir ya zuƙe tas.

Bayan an yi masa caji na dawo da mitar auna wuta a hannu. Na ɗora baƙar wayarta a jikin ƙarfen mota, na riƙa taɓa ɗan ƙarfen da ke bayan kowane fiyus da jar wayar, sau ɗaya makulli a zare, sau ɗaya a kan ACC, wato matakin makulli da rediyo ke samun wuta ba a tada inji ba. Wanda ya nuna sifili da farko, sannan ya nuna 12 da ɗoriya, shi nake nema. Na same shi a layin soket ɗin caji. Kafin in taɓa komai na cire kan batir na baƙar waya, na sa wa fitilar fiyus mai amfiya 3, na ɗaure baƙar wayarta a wani noti inda na kankare fenti har ƙarfe ya fito. Duk wayar da na gani rawaya ce, ko mai kai rawaya, na ba ta hanya, domin galibi ta jakar iska ce, wadda ke kumbura ta kare mutum idan an yi haɗari. Wayar fitilar da ke ƙarƙashin kujera kuwa na bar mata sarari, na ja kujerar gaba da baya har ƙarshe don in tabbatar ba za ta tsinke ta ba. Haɗin ma na daina murɗewa da hannu, na lika da dalma na rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi.

Saura launi. Shuɗi na fara so, daren farko kuwa na gan shi kwance a gilashin gaba da na ƙofa, yana cin idona ina neman hanya. Na tura zirin can ciki ya kalli ƙasa, na rage ƙarfinsa sosai, na koma ruwan zuma mai duhu. Ja da shuɗi masu walƙiya na bar su gaba ɗaya, don ƙasashe da dama sun keɓe su ga 'yan sanda da motocin agaji.

Yanzu in na murɗa makulli darduma ce kawai ke ɗan haskawa. Rannan makullin gida ya suɓuce mini da dare, na duƙa na ɗauke shi a gefen totur ba tare da na kunna fitilar sama ba.