Daga Kwangila zuwa Samaru, wannan titi fa!

Jiya da yamma na taso daga unguwar PZ a nan Zariya zan je Samaru, wallahi sai da na kwashe kusan awa ɗaya a hanya, abin da bai kamata ya wuce minti 20 ba. Ƙarƙashin gadar Kwangila nan ne matsalar take, tireloli sun faka a gefe, masu Keke Napep suna lodi a tsakiyar titi, ga masu lemo da rake sun baje kaya har kan kwalta, kwata kuma ta cika da leda da robar fiya wata.

Shi ya sa na ji daɗi da mai unguwarmu ya tara mu, 'yan kasuwa da direbobi da matasa, aka ce kowa ya faɗi abin da yake gani. Wani dattijo mai shagon taya ya ce shi dai a ware wa manyan motoci wajen tsayawa daban, tunda hanyar Funtuwa da Sakkwato ce ba za su daina bi ba. Gaskiya ya faɗa. Ni kuma na ce a yi fitilu da wajen tsallakawa, ɗaliban ABU da masu zuwa asibitin Shika kullum suna tsallake titin nan da rai a hannu.

Ranar Asabar za mu fara yashe kwata, kowa ya zo da shebur ɗinsa.