Wata biyar a noman buhu: dankalina ya yi ɗaci

Salam 'yan uwa masu koyon noman buhu. Sati biyu da suka wuce na tone buhu huɗu cikin shida na dankalin Hausa da na shuka a bayan gida, Alhamdulillah ya yi 'ya'ya sosai, amma garin gaggawa na sassare wasu da fartanya, sannan na haɗa su duka na ɗaure a leda na tura lungun kicin. Shekaranjiya da na buɗe sai ga baƙin tabo zagaye-zagaye ya ɗan lotsa ciki, na yanke wajen na dafa sauran, wallahi ɗaci kamar maɗaci, yara ko taɓawa ba su yi ba.

Ni na ɗauka ɗacin na funfunar da ta jawo baƙin tabon ne. Sai yayana da ya karanta aikin gona ya ce min a'a ƙanwata, dankalin ne da kansa ya haɗa shi. Wai idan funfuna ta shiga ta wajen rauni, naman da ke kewaye da wajen sai ya fara haɗa wani sinadari mai suna ipomeamarone don ya tare ta kada ta ci gaba, lafiyayyen dankali ba shi da shi sai an taɓa shi tukuna. Abin ya tsaya min a rai gaskiya, abu yana kwance a leda shiru ashe faɗa yake. Tun 1940 wasu Jamusawa biyu, Müller da Börger, suka gano irin wannan kariya a jikin dankalin Turawa. Karas ma yana da nasa, shi ma ɗaci yake sa shi.

Inda nake so ku kula shi ne dafuwa ba ta kashe irin wannan sinadarin, kuma yana taɓa hanta, wani sinadarin ɗan uwansa da ke cikin irin wannan dankalin kuma yana lalata huhun shanu. Da har zan zuba wa akuyata ragowar, na fasa, na haƙa rami na binne nesa da buhunan.

Buhu biyun da suka rage da hannu zan tone su a hankali, in shimfiɗa a inuwa wuri mai ɗumi in rufa da buhun algarara kamar kwana biyar zuwa bakwai har raunin ya warke, ba wanki ba leda. Ƙasar buhunan farko kuma ba zan sake sa dankali a cikinta ba, alayyahu zan zuba.