Ka juya ganyen?

Buhu goma sha biyu na jera a jikin katangar gidanmu a Ɗorayi, na cika su da ƙasa da takin awaki, na dasa attarugu da tattasai da barkono. Lokacin ina shekara ta uku a karatun aikin gona, ina ji da kaina, duk wani ƙwaro na haddace sunansa na boko. Da hunturu ya kankama sai ganyen attarugun ya fara nannaɗewa, yana danƙo a hannu, tururuwa na hawa da sauka kamar ana rabon sadaka a sama. Ban tsaya wani bincike ba, na ɗora wa tururuwa laifi, na garzaya Sabon Gari na sayo maganin feshi na yi wa shukar wanka.

Bayan mako biyu abin ya fi da muni. Na tsinki ganye na sa a leda na kai wa wani dattijo mai lambu a Kwakwaci, wanda nake zuwa koyon aiki wurinsa ranar Asabar. Bai ma karɓa ba ya ce, "Ɗana, ka juya ganyen?" Na juya. Ga su nan cunkus, ƙananan ƙwari kore da baƙaƙe manne da jijiyar ganyen. Ya ce, "Darɓa ce. Tururuwa kiwo take yi."

Gaskiyarsa. Waɗannan ƙwari ruwan jikin shuka suke tsotsa, su kasayar da wani ruwa mai zaƙi. Shi tururuwa ke lasa, shi ya sa take gadinsu, kuma a kansa ne baƙin nan mai kama da kunkunniya ke fitowa ya rufe ganye. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, wanda abincinsa ke nan, maganina ya gama da shi. Na kori mai gadi na bar ɓarawo a gida.

Baba mai lambun ne ya koya mini haɗin darbejiya. A shanya 'ya'yanta su bushe, a daka, a jiƙa su kwana, a tace da ƙyalle, a ɗan sa sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma idan rana ta yi sanyi, a bi ƙasan ganye. Ba ya kashewa nan take, sai an maimaita duk mako. Kada dai ka kuskura ka daka a turmin gida. Na yi, Umma ta yi wata guda tana mitar ɗacin yajinta.

Da zafin Maris ya shigo sai wani salo ya ɓullo: ganye ya yi tsatstsafin rawaya, da 'yar saƙa siririya a ƙasansa. Na karkaɗe shi a kan farar takarda, sai ga wasu jajayen ɗigo suna motsi. Dangin gizo-gizo ne, zafi da ƙura suke so, kuma yawancin maganin ƙwari ba ya yi musu komai. Wanke ƙasan ganye da ruwa duk safiya ya rage su sosai.

Farin ƙuda kuwa, wanda ke tashi kamar toka idan ka girgiza shuka, ɓarnarsa tana cikin cutar da yake ɗauka daga wannan shuka zuwa waccan. Wadda ta kamu ta tsumbure, ganyenta ya murɗe, babu feshin da zai dawo da ita. Buhu uku na tumɓuke. Maƙwabcinmu ya leƙo ya ce sharon ce, wato tsutsar nan ta tumatir, don tun 2016 da ta cinye tumatir a Kura da Kadawa kowace ɓarna sunanta sharon.

Akwai tattasai guda da yake yaushi da rana ko ya sha ruwa ya ƙoshi. Na juya ganyensa har na gaji, ban ga komai ba. Da na cire shi sai na tarar saiwar duk ƙulli-ƙulli, aikin wata tsutsar ƙasa da ido ba ya gani. Na juye ƙasar buhun can bayan gida, na debo sabuwa.