Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Zango

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya yarda ya ɗauke ni yaron mota. Wasu sun ce na tsallake zancen aurena na fari. Ina sane. Ba yau ba.

A 1978 na fara taka Arlit, zaune kan buhunan albasa a bayan Barliye, babbar motar Kawu. Lokacin ba a gama kwaltar Tawa zuwa Arlit ba, ana kan aikinta, sai wajen 1980 aka kammala. Kilomita kusan 650 ne, amma mu kwana huɗu muke yi daga Galmi, in mota ta yi gardama biyar. Da an wuce Agadas babu sauran inuwa. In taya ta nutse a rairayi, Kawu ba ya ko saukowa, leƙowa kawai zai yi ya ce, "Kai, faranti!" Ni ne zan tone ƙarƙashin taya, in jawo farantin ƙarfen nan da ya wuni a rana, in cusa. Ranar farko da hannu tsirara na kama shi. Fatar tafina ta bi ƙarfen. Daga nan na koyi naɗe hannu da rawani. Ruwan sha kuwa na salka ne, rataye a gefen mota, da ɗanɗanon bagaruwa a cikinsa, kuma har yau ban sha ruwan da ya kai shi daɗi ba.

Kafin in tafi na je sallama wajen Baba a fadama, yana ban ruwa. Bai ɗago ba. Ya ce, "Me ake nomawa a can?" Na ce, "Ba a noma, Baba, ƙarfe ake haƙowa." Ya ce, "To garin da ba ya noma abin da zai ci ba gari ba ne, zango ne. Komai daɗin zango, tashi ake."

Da dare muka shiga. Bayan kwana da kwanaki cikin duhu, sai ga fitilu jere a tsakiyar hamada kamar an zubo taurari ƙasa. Ni da ko Tawa ban san ta da wuta haka ba. A zuciyata na ce, Baba bai ga wannan ba.

Yaran yanzu ba su san cewa kafin 1969 babu gari a wurin ba. Yuraniyom ne ya kafa shi. Kamfanoni biyu ne ke haƙarsa: Somair ta fara fitar da kaya a 1971, Cominak kuma a shekarar da na zo, ita ramin nata can ƙarƙashin ƙasa yake, kusa da Akokan. Ƙarfen, bayan an mai da shi gari mai launin rawaya, a ganguna ake ɗura shi, manyan motoci su kai shi Paraku a Benin, jirgin ƙasa ya kai Kwatano, daga nan sai Faransa. Duk abin da za a sa a baki kuma daga kudu yake hawowa: gero, shinkafa, albasa, goro, itacen girki. Ruwa daga rijiyoyin burtsatse, wuta daga baya aka jawo ta daga kwal ɗin Anu Araren. Ma'aikata na da unguwarsu mai famfo da lantarki da asibiti, Turawa har da wurin iyo. Ƙaramar Faris ake ce wa garin. Mu 'yan ci-rani muna Bukkoki, kuma sunan bai yi ƙarya ba, da kwali da buɗaɗɗun ganguna muka yi ɗakunanmu. Amma in wata ya mutu aka biya albashi, buhun albasar da na ɗauko da kaina sai ya ninka kuɗinsa kafin la'asar. Na daina bin Kawu bayan shekara biyu, na kafa tebur.

Kuɗin ƙarfen nan ne ya gina otel ɗin Gaweye a Yamai. Da shi shugaban ƙasa Kunce ya samu ƙarfin soke harajin kai. Wato Baba da ke cewa zango, albarkacin zangon aka daina bin sa haraji. Ban taɓa faɗa masa ba. Ba a yi mana tarbiyyar haka ba.

A 1981, bayan rasuwar Inna, Baba ya raba mana fadama tun yana raye. Ni na sayar wa Yaya rabona. Bari in maimaita, domin 'ya'yansa na karanta wannan: sayarwa na yi, ba ƙwace ya yi ba, ban taɓa cewa ƙwace ya yi ba. Abin da na ce shi ne ya san ina cikin sauri, ya kuma taya yadda ake taya kayan mai sauri. Da kuɗin na sayi fili a Arlit na gina ɗaki uku na ƙasa da shago. Da labari ya kai wa Baba, cewa ya yi, "Ya sayar da gari ya sayi zango." Gwaggo ce ta kawo mini maganar, ita dama ba ta iya riƙe irin wannan.

Wata uku da suka wuce, a wajen sunan jikar Gwaggo, babban ɗan Yaya, wanda yanzu motocinsa ke kai albasa Akara da Abijan daga fadamar nan, ya dube ni cikin mutane ya ce, "Baffa, ashe dai Kaka ya faɗa, tashi ake." Aka yi dariya. Ni ma na yi. Shi ya sa nake rubuta kashin nan yau maimakon zancen auren.

Domin akwai abin da ba a gaya masa ba. A 1984 damina ta ƙi, Najeriya ta rufe iyaka, aka shiga yunwar da mutanenmu ke kira El-Buhari. Rumbun Baba ya ƙare tun kafin sanyi ya fita. Rijiyoyin fadama suka ja baya. A lokacin kasuwar yuraniyom ta riga ta faɗi, ciniki ya ragu, amma albashi bai tsaya ba, kuma mai albashi dole ya ci. Wata goma sha ɗaya ina aika kuɗi da buhun shinkafa ta hannun Kawu, duk wata, ban tsallake ko ɗaya ba. Matata ta sayar da kwallayenta biyu. Shi mai maganar yana goye a lokacin. Kunun da uwarsa ta sha ta samu nonon ba shi, daga zango ya fito. Baba ya ci shinkafar nan. Bai ce komai ba, amma da na zo gida a shekarar da ta biyo, shi da kansa ya shimfiɗa mini buzunsa. Yaya yana tsaye, ya gani.

Shekarun tawaye da karyewar sefa a 1994 ba zan shiga cikinsu ba, an sha wuya, shi ke nan.

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe Cominak, aka ce ƙarfen ramin ya ƙare. Ma'aikata wajen 600, ban da 'yan kwangila, ban da mu da muke ci daga aljihunsu. Littafin bashin shagona yana nan, shafi goma sha huɗu, yawancin masu sunayen sun koma Damagaram da Maraɗi da Doso. Ban bi kowa ba. Samari kuma tun 2014 suka fara watsewa wajen zinariya, Jado da Cibarakatan. Kwaltar da na ga ana shimfiɗawa ta farfashe, har direbobi sun gwammace su sauka gefe su bi rairayi, kamar zamanin Kawu.

Na sa gidan a kasuwa shekara biyu. Wanda ya fi kowa tayi, kuɗinsa ba zai sayi kadada guda a fadamarmu ba. Na fasa. Na bar wani Buzu maƙwabcina a ciki yana kula da shi, na dawo gida da mabuɗin shagon a aljihu. Yana cikin aljihun nan ranar sunan, ina murza shi lokacin da ake dariya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda muka rabu da Kawu a tashar Agadas, da abin da ya sa ban je jana'izarsa ba.