Wasiƙa daga Filadelfiya: ƙattin nan biyar na gaban ƙwallo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina fata kowa lafiya, doguwar gaisuwa kuma sai wani jiƙon.

Duk watan Fabrairu in aka buga Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda ke farawa ƙarfe 12:30 na dare agogon Najeriya da Nijar, tambaya ɗaya ce ke cika min waya. Su wane ne ƙattin nan masu tumbi da ke durƙusawa a gaba, su yi ta ture-ture har a tashi, ba wanda ya ga sun ruga da ƙwallo? Wani ma cewa ya yi ko 'yan cika lissafi ne. Bari in amsa sau ɗaya kowa ya huta. Zan kuma taɓa maganar albashinsu, da yadda yaro daga gida zai iya shiga harkar.

Cikin 'yan wasa goma sha ɗaya masu kai hari, biyar katanga ce. Na tsakiya shi ne senta, shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa ga mai jifa, wato kwatabak. A damansa da hagunsa akwai gadi biyu, a can gefe kuma takul biyu. Lambobin rigunansu daga 50 ne zuwa 79, kuma doka ta hana a jefa musu ƙwallo, sai wanda ya sanar da alƙali tukuna ya kuma tsaya inda ya dace. A gasar NFL yawancinsu sun kai kilo 140, tsawo kusan mita biyu. Ƙungiya tana da dama huɗu ta ci yadi goma, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Duk aikin katanga cikin yadi goman nan yake.

Abin da take sayarwa lokaci ne. Mai jifa yana bukatar daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin masu cafa su kai inda aka tsara. A ba shi uku, ko matsakaicin ɗan wasa sai ya zama gwani. A rage masa zuwa biyu, gwani ma sai ya koma jifan kare kai.

Kafin a taɓa ƙwallo senta ya riga ya yi rabin aikin. Yana duba jerin masu tsaro, ya nuna ɗaya da yatsa, daga wannan mutumin kowa ke ƙirga wanda ya faɗo rabonsa. In ya yi kuskure, sai ka ga mutum biyu sun taru a kan ƙato ɗaya, wani kuma ya wuce salin-alin ba wanda ya ce masa kanzil. Mai kallo zai zagi takul ɗin da aka wuce ta gefensa, alhali ɓarnar tun daga bakin senta ta faro.

Da an miƙa ƙwallo, takul ba gaba yake yi ba. Ƙafarsa ta waje yake cillawa baya, ta ciki ta biyo, a hankali kamar mai jan tabarma, ƙirjinsa na kallon mai tahowa. Gwiwa ake lanƙwasawa, ba ƙugu ba. Wanda ya sunkuyar da kai ya jingina nauyinsa a kan abokin karawa, za a fizge shi gaba ya kife. Hannu biyu su sauka a ƙirjin mutum, cikin kafaɗu, gwiwar hannu a matse. Wanda ya makara hannunsa ya faɗa ta waje, to rungumar mutum zai yi, alƙali ya cilla tutarsa mai ruwan ɗorawa: riƙo, yadi goma baya. Yadi goman da ake nema sun zama ashirin ke nan, kuma ba kasafai hari ke farfaɗowa daga wannan ba. Wanda ya riga malam masallaci, ya motsa kafin senta ya saki ƙwallo, yadi biyar ne. A filin baƙi wannan laifin ya fi yawa, don ihun 'yan kallo ba ya barin a ji muryar mai jifa. A filin Arrowhead na Kansas City an taɓa auna ihu ya kai desibel 142.2 a 2014. Dole a koma ishara: gadi ya waiwaya, ya ga mai jifa ya ɗaga ƙafa, ya taɓa senta, sauran kuma su riƙa satar kallon ƙwallo ta gefen ido. Wannan satar kallon kaɗai tana cinye wa takul rabin taku, rabin taku kuwa shi ne duk abin da mai farmaki ke nema.

Ana yawan zuzuta takul na hagu, don shi ke tsare bayan mai jifan da ke amfani da hannun dama, inda ba ya gani. Gaskiya ne, amma a ganina ɓarakar tsakiya ta fi muni. In aka zagayo ta gefe, mai jifa yana iya takawa gaba ya tsira. In aka turo gadi har cikin cinyarsa, ba wurin takawa, ba wurin dasa ƙafa, ga hannaye a fuskarsa. A haka Cincinnati ta rasa kofi a Fabrairun 2022: a damarsu ta ƙarshe mai tsaro Aaron Donald na Rams ya ɓalle ta tsakiya ya cafke mai jifansu Joe Burrow, aka tashi 23 da 20. A wannan kakar an kayar da Burrow da ƙwallo a hannu sau 51 a wasannin gasa, sannan sau 9 a wasa ɗaya tak da Tennessee.

Ga wani lissafi da talabijin ba ta nunawa, don kyamara ƙwallo take bi kamar kaza da tsaba. In masu tsaro huɗu kawai suka ishi katanga biyar, saura bakwai ke nan a baya suna gadin masu cafa biyar. In koci ya ga katangarsa na yoyo, sai ya tsayar da mutum ɗaya ko biyu su taya ta. Masu cafa sun koma huɗu ko uku a hannun mutum bakwai, sai ka ji ana cewa mai jifa ya rasa wanda zai ba. Yaya ba zai rasa ba? Abin da Eagles, ƙungiyar nan Filadelfiya, suka yi wa Kansas City ke nan ran 9 ga Fabrairun 2025 a New Orleans. Ba su ƙara kowa cikin farmaki ba, da huɗun nan suka kayar da mai jifan Kansas City, Patrick Mahomes, sau shida, aka tashi 40 da 22.

Mahomes ɗin nan shi ne hujjar da ta fi kowace, don mutum ɗaya ne aka gani a hali uku. A Fabrairun 2021 ya shiga wasan ƙarshe da Tampa Bay ba takul ɗinsa biyu, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, duk suna jinya. Ya wuni yana gudun ceton rai, ƙungiyarsa ba ta kai ƙwallo gidan ci, wato yankin ƙarshen fili inda ake cin maki, ko sau ɗaya ba, 31 da 9. A bazarar nan suka rushe katangar suka sake gini: suka ɗauko Joe Thuney da Orlando Brown, suka zaɓo Creed Humphrey da Trey Smith daga jami'a. Fabrairun 2023 suka haɗu da Eagles da suka kayar da masu jifa sau 70 a kakar, amma ba a kai Mahomes ƙasa ko sau ɗaya ba, suka ci 38 da 35. Da gefen hagu ya sake lalacewa aka janyo Thuney daga gadi zuwa takul, sai ga abin da ya faru a New Orleans. An toshe rami ɗaya da ƙasar wani ramin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu tsaron NFL sun iya neman tsaga. Dabararsu da suka fi so ita ce musaya: na waje ya kutsa ciki, na ciki ya zagayo ta bayansa. Dole gadi da takul su miƙa wa juna mutum ba tare da magana ba, abin da sai an daɗe ana wasa kafaɗa da kafaɗa ake iyawa. Shi ya sa gwani ɗaya ba ya ɗaukar katanga. Joe Thomas na Cleveland, sau 10,363 a jere senta na sakin ƙwallo yana cikin katanga bai fita ko sau ɗaya ba, yana cikin takul mafi ƙwarewa da aka taɓa yi, amma daga 2007 zuwa 2017 bai taɓa leƙa wasannin neman kofi ba.

In gudu za a yi da ƙwallo, abin ya juye, katanga ce ke kai farmaki. Mutum biyu su haɗu su ɗaga ƙato ɗaya daga wurinsa, ɗayansu ya zame ya tari na bayansa. Ya zame da wuri, ƙaton ya kuɓuce. Ya makara, na bayan ya cike ramin. Mai gudu da ƙwallo Saquon Barkley ya yi shekara shida a ƙungiyar Giants, ya zo nan Filadelfiya a 2024 ya ci yadi 2,005 a bayan Jordan Mailata da Lane Johnson da abokansu. Ƙafafun dai su ne na da.

Sai sanyi. Ku yi haƙuri, dole in tsaya a nan, don har yau abin bai daina ba ni mamaki ba. Wasannin da suka fi muhimmanci a Disamba da Janairu ake buga su, kuma filaye irin na Green Bay da Buffalo da Kansas City ba rufi. Wanda hunturun Jos ko na Agadas ke sa wa rigar sanyi biyu, ya sani ran 13 ga Janairun 2024 an buga wasa a Kansas City cikin digiri 20 ƙasa da sifiri, har hular kwanon Mahomes ta fashe. A irin wannan rana za ka ga 'yan katanga da yawa sun fito damatsa a waje, sun shafe su da man basilin, numfashinsu na tashi kamar hayaƙin murhu. Rabin dalilin nuna jarumta ne, rabi kuma don kada abokin karawa ya sami hannun riga ya kama. Sanyi yana ɓata aikin ta wurare uku. Ƙasa in ta daskare ƙusoshin takalmi ba sa kamawa, mai ja da baya kuwa shi ya fi bukatar turke ƙafa. Ƙwallo yana taurin dutse yana santsi, ga senta zai cilla shi yadi biyar baya ba tare da ya kalla ba, yatsunsa a sandare. Iska kuma tana karkatar da jifa, sai a koma gudu, nauyin wasan gaba ɗaya ya dawo wuyan biyar ɗin nan. Ran 31 ga Disamban 1967 a Green Bay, sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifiri, na'urar ɗumama ƙasan filin ta gaza. Saura daƙiƙa 16, Dallas na gaba 17 da 14, mai gudun Green Bay ya zame har sau biyu a bakin gidan ci. Gadi Jerry Kramer da senta Ken Bowman suka ture Jethro Pugh na Dallas, mai jifa Bart Starr ya bi bayansu ya faɗa ciki, 21 da 17.

Albashi kuwa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manyan takul suna samun miliyoyin daloli, amma mai jifa ya ninka su.

Maganar shiga daga gida, wannan gurbin ya fi kowane karɓar wanda ya fara a makare. Mailata ɗan wasan rugbi ne daga Ostareliya, bai taɓa buga wasan nan ba aka zaɓe shi a 2018. Stephen Neal zakaran kokawa na duniya ne a 1999, ya zama gadi a New England. Duk wanda ya kalli gasar kokawar neman takobi ta Nijar ya san dalili: wanda ƙugunsa ya fi ƙasa, hannunsa ya riga shiga ciki, shi ke da mutum. Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan NFL, yana neman irin waɗannan matasa a Najeriya, ta hannunsa Roy Mbaeteka ya sa hannu da Giants a 2022. Mai yaro dogo kada ya fara da ɗura masa tuwo don ya yi nauyi. Nauyi a nan ake ƙara shi cikin watanni. Saurin ƙafa da laushin ƙugu ake dubawa, don haka a bar shi ya yi ta kokawa da ƙwallon kwando. Zancen biza da takardun makaranta wasiƙa ce mai zaman kanta.

In Allah ya kai mu wasa na gaba, da senta ya saki ƙwallo ku ƙi bin kyamara. Ku zuba wa gadin hagu ido, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku, ku ga inda ƙafafunsa suke.

Naku, daga Filadelfiya.