Kafin ka kai tsohuwar wuƙa wurin mai injin wasa

Ƙannena da kuka fara shiga harkar tara tsofaffin wuƙaƙen farauta, kusan duk hoton da kuke turo min kuna tambayar Yaya nawa wannan za ta yi, sai in ga wuƙa an goge ta tas tana ɗaukar ido, ni kuwa da na ga haka gabana faɗuwa yake yi, don na san abin da aka yi mata, ni ma da hannuna na yi wa wata haka kuma har yau idan na tuna raina sai ya ɓaci.

Puma White Hunter ce, na same ta cikin tarkacen wani mai gwanjo, shi kansa bai san me yake riƙe da shi ba. Wuƙa ce ta kamfanin Puma na garin Solingen a Jamus, sun fara yin ta a 1956 da shawarar ƙwararrun mafarautan gabashin Afirka, kanta yana da faɗi da nauyi, mariƙinta ƙahon barewa. Tawa ta yi duhu-duhu da ɗigon tsatsa nan da can, ni kuma yarinta, ina son abokai su gan ta fes, sai na kai wa mai walda na bakin layinmu na ce don Allah a wanke min ita. Ya ɗora ta a inji, tartsatsi yana tashi ina tsaye ina murmushi. Da ya miƙo min, rubutun kamfani na jikin ruwanta ya tafi, don rubutun ba shi da zurfi ko kaɗan, tsinin ya koma shuɗi-shuɗi, kuma wannan shuɗin alama ce ta zafi ya kashe taurin da aka ba ƙarfen tun a maƙera, shi ya sa ko an wasa ta kaifin ba ya zama a wurin. Wani dattijo da ya riga mu shiga harkar ya juya ta a hannunsa ya ce min, yaro garin neman gira ka rasa ido. Abin da ya rage kawai lambar da Puma suka fara bugawa a jikin ƙarfen da ke tare hannu tun 1964, wadda ake gane shekarar ƙira da ita, ita ce inji bai kai gare ta ba.

To ku ji, duhu iri biyu ne a jikin tsohon ƙarfe. Akwai toka-toka ko baƙi-baƙin da baƙin ƙarfe yake yi idan ya jima yana yankan nama da lemo da albasa, wannan ba cuta ba ce, yana ma ɗan kare ƙarfen, kuma masu saye shi suke nema don shi ke nuna ba a taɓa wuƙar ba. Sai kuma jar tsatsa mai gari-gari da ke cin ƙarfe tana yin rami, ita ce abokiyar gaba. Maganinta ba inji ba, ba samfefa ba, ka ɗiga man keken ɗinki ka bar shi ya kwana, da safe ka murza da tsumma, inda ta ƙi fita ka kankara a hankali da ɗan guntun tagulla tunda tagulla ta fi ƙarfen laushi. Idan kaifi kake so, dutsen wasa da ruwa da hannunka da haƙuri. Kuma gaskiya wuƙar da ka saya don ajiya ba dole sai ta yi aski ba.

Son ƙyalli bai bar ni a nan ba, ya bi ni har wurin saye. Lokacin da wuƙaƙen da ake kira Damaskas suka cika intanet, masu zane kamar igiyar ruwa a jiki, na tura kuɗi ga wani mai talla da ban taɓa gani ba, wai ƙirar hannu ce ta musamman. Ta iso da kyau kamar me, na gwada ta a kan busasshen icce bakinta ya lanƙwashe. Damaskas na zamani ana yin sa ne da haɗa ƙarfe iri biyu ko fiye, a ninka a doka a sake ninkawa, sannan a tsoma a asid zanen ya fito, wani maƙerin Amurka Bill Moran shi ya dawo da shi kasuwa a 1973, kuma aiki ne mai cin lokaci, don haka idan ka gan ta a kuɗin wuƙar kicin ka san akwai magana. Wata zanen ma a sama kawai aka yi shi, ka duba gadon bayan wuƙar, idan gefe yana da zane baya kuma sumul to ka yi tambaya da kyau kafin ka zaro kuɗi. Wata kuma ninkin na gaske ne amma ƙarfen da aka ninka tarkace ne kuma ba a ba shi tauri yadda ya kamata ba. Ka tambayi mai sayarwa wane ƙarfe da wane aka haɗa, maƙerin kirki zai faɗa maka nan take, ya ba ka lambobin da ake kiran ƙarafan da su, 1095 ne ko 1084 da 15N20, ɗan damfara kuwa sai ya fara ba ka labarin takubban yaƙin da.

Tambari shi ne katin shaidar wuƙa, ku koyi karanta shi kafin ku koyi ciniki. Wadda aka rubuta W. Germany a jikinta ta zamanin da Jamus take rabe biyu ce, kafin haɗewar 1990. Buck 110, mai naɗewa ɗin nan mai tagulla a kai da gindi, ta fito a 1964, kuma daga 1986 suka fara sa wata 'yar alama kusa da lambar wadda ke canzawa kowace shekara. Wuƙar Okapi kuwa ta faro a Solingen a 1902, aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, to ta Jamus ɗin ita masu tarawa suka fi bi. Duk wannan a kyauta yake a intanet, ni dai lalaci ne ya hana ni dubawa da wuri.

Sai maganar kube, wadda ta fi kowacce yi min ɓarna a ɓoye. Na ɗauka gidan wuƙa kubenta, na jera su a akwati kowacce a cikin nata na rufe, damina ta zo ta wuce ban leƙa ba. Fata tana shan danshi tana riƙewa, ga sinadarin jima a jikinta, da na zaro su sai ga tsatsa ta kwanta daidai inda fatar ta taɓa, tagullar kuma ta yi wani kore mai danƙo. Yanzu wuƙa daban kube daban, an shafa mata mai kaɗan an naɗe a tsumma mai tsabta. Kada ku sa man gyaɗa ko manja, suna daskarewa su yi danƙo da wari, bare baƙin mai. Hunturu kuma nasa aikin a kan mariƙi yake, ƙaho da katako da ƙashi suna bushewa su tsage, musamman wadda aka kawo daga ƙasa mai danshi, don haka kafin sanyi ya shigo a shafa musu mai su ma, kuma kada a bar su a mota cikin rana.

Amma abin da ya fi ci min rai ba na Turawa ba ne. Ina can ina bin Puma da Buck, ina kallon hotunan wuƙaƙen maƙerar Randall ta garin Orlando a Amurka da mutum yake shekaru a layi kafin a ƙera masa tasa, da na maƙerin Amurka Bob Loveless da ake gwanjonsu da dubban daloli, alhali kawuna maharbi ya ba ni wuƙarsa ta hannu, irin mai zoben fata a kube da ake zura hannu a ciki ta kwanta a damtse ƙarƙashin riga, na karɓa na ce na gode Kawu na jefa a durowa. Kubenta jar fata ce ta dukawa da ɗinki ƙanana-ƙanana, ruwanta ya sirance a tsakiya saboda yawan wasawa, wurin da babban yatsansa yake zama a mariƙin har ya lotsa. Ban tambaye shi wane maƙeri ya yi ta ba, a wane gari, da wane ƙarfe, sifirin mota ne kamar yadda maƙeranmu suka saba ko wani abu ne daban, wace farauta ya je da ita. Allah ya yi masa rasuwa, ya tafi da amsoshin, Allah ya jiƙansa. Wuƙar Loveless tana tsada ne don sunansa yana jikinta kuma an rubuta tarihinsa, namu maƙeran na Kano da Agadas da ƙauyukanmu yawancinsu ba sa buga suna, to idan kai da ka karɓa daga hannun mai ita ba ka rubuta ba wa zai rubuta? Ka je wurin tsohon da goronka, ka zauna a ƙasa, ka ce Baba ba ni labarin wannan wuƙar, ka ɗauki muryarsa a waya idan ya yarda, ka rubuta a littafi da kwanan wata da abin da ka biya. Kuma kada ka yi masa wayo a farashi don bai san darajarta ba, ni na taɓa yi wa mai gwanjo kuma ban ga albarkar abin ba.

Aro kuma, hmm. Ranar Babbar Sallah maƙwabci zai aiko yaro wai a ba shi aron wannan mai kyan don fiɗa, kunya ta sa na bayar, mahaucin da suka ɗauko ya sari ƙashi da ita ta dawo da giɓi a baki. Wuƙar fiɗa ba gatari ba ce. Yanzu ina da wasu masu araha guda biyu na ajiye musamman don masu aro, kowa ya huta. Idan kun haɗu kuna nuna wa juna, a miƙa ta mariƙi, a goge ruwan bayan an taɓa don gumin yatsa yana barin tabo a baƙin ƙarfe, kuma don Allah kada wani ya ce zai gwada maganin taurinsa da wuƙarka.

Ku kuma san garin da kuke ciki. A wurin da rikicin daba ya sa jami'an tsaro suke binciken samari, ba wanda zai tsaya jin bayanin Solingen idan ya ga wuƙa a ƙugunka, don haka ta zauna a gida a kulle inda yara ba sa kaiwa, idan za ka kai wa wani ka naɗe ta a jaka ka tafi kai tsaye. Hoton da za ka ɗora a Facebook ka ajiye ta a kan tebur ka ɗauka, ba kana riƙe da ita kana zare ido ba. A filin jirgi ba ta shiga jakar hannu, ƙwacewa za a yi. Mai mariƙin hauren giwa kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka ce za ka tsallaka iyaka da ita ko ka aika wa wani a waje, tun 1989 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, kuma jami'in kwastan ba zai tambaye ka shekarun wuƙar ba kafin ya riƙe ka.