Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Sanda Mai Kunnuwa

A makon jiya na tsaya a inda mahaifina ya damƙa ni a hannun wani mai gyaran rediyo da ke da shago a Jekadafari, cikin garin Gombe, bisa sharaɗin in riƙa zuwa bayan an tashi daga makaranta. Wannan ya faru ne a shekarar 1996, shekarar da aka cire Gombe daga Jihar Bauchi ta zama jiha mai zaman kanta, kuma gari ya cika da ma'aikatan da suka dawo gida da kayansu, har da rediyoyi da talabijin da suka sha jijjiga a hanya.

Aikin farko da maigidana ya ba ni shi ne kwance matattun rediyoyi. A bayan shagon akwai tarin tsofaffin akwatunan Philips da Grundig masu aiki da bawul, wato ƙwayayen gilashi masu ƙara ƙarfin sigina, waɗanda masu su suka haƙura da su tun da rediyon taransista mai batir ya shigo. A cikinsu na fara ganin abin da wannan kashi yake magana a kai. Wata siririyar sanda ce mai launin ƙasa-ƙasa, faɗinta bai wuce na yatsa ba, an jera mata ƙananan kunnuwa na ƙarfe, kowane kunne da hudarsa. Ita kanta sandar ba ta ɗaukar wuta, domin takarda ce aka jiƙa da wani ƙaro na masana'anta aka danne da zafi har ta taurare. Kunnuwan kuma tagulla ce da aka shafe da kuza don dalma ta kama su. Wasu daga cikinsu suna da doguwar ƙafa mai lanƙwasa wadda ake ɗaurewa da sukuru a jikin shasin rediyon, sai ƙafar ta riƙe sandar, ta kuma haɗa wannan kunnen da ƙarfen akwatin. Kowane rasista mai rage gudun wuta da kowace kafasita mai ajiye wuta suna rataye ne tsakanin kunne da kunne, ko tsakanin kunne da gindin bawul, ba tare da fanel ba, wato allon nan da ake zana wa siraran hanyoyin jan ƙarfe a liƙa kaya a kansa.

Na tambayi maigida dalilin da ya sa yake tara waɗannan sanduna a gwangwani alhali babu wanda yake kawo irin waɗannan rediyoyi gyara. Ya ce: "Ɗana, fanel wani ne ya riga ya yi maka tunani ya zana hanya. A kan wannan kuwa, kai za ka yi tunanin, kai za ka shimfiɗa hanyar." Na ce: "Maigida, to yaushe zan fara?" Ya ce sai na iya liƙa dalma yadda idan ya ja waya da filaya ba za ta fita ba.

Daga baya, da karatu ya yi nisa, na san cewa haka aka riƙa harhaɗa rediyo a duniya shekara da shekaru, da hannu, waya bayan waya. Wani injiniya ɗan Ostiriya mai suna Paul Eisler ne ya ƙera rediyo mai fanel a Ingila a shekarar 1936, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu fanel ya mamaye masana'antu, musamman da aka ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947. Fanel ya ci nasara ne saboda masana'anta tana son buga abu dubu iri ɗaya cikin sauri da arha. Mai gwada abu guda a teburinsa, wanda bai ma tabbatar zai yi aiki ba, bukatarsa daban ce, kuma a nan ne sanda mai kunnuwa ta ci gaba da amfani.

Koyon liƙin ya ɗauke ni lokaci, kuma shi ne ginshiƙin komai. Da farko ana kankare tsohon kunne da reza har ya yi haske, domin dalma ba ta kama tsatsa ko datti. Sannan a lanƙwasa ƙafar rasista da filaya mai dogon baki, a zura ta cikin hudar, a matse ta yadda za ta tsaya da kanta tun kafin dalma ta zo. Maigida ya dage a kan wannan ƙwarai, yana cewa aikin dalma shi ne ta ba wuta hanya, riƙe nauyi kuwa aikin lanƙwasa ne. Bayan nan sai a ɗora bakin ƙarfen liƙi ya taɓa kunnen da ƙafar a lokaci guda, a kawo dalmar a kan mahaɗar, ba a kan ƙarfen ba, a bar ta ta malala da kanta cikin daƙiƙa biyu ko uku. Dalmar da muke amfani da ita kashi 60 kuza ce, kashi 40 darma, tana narkewa a wajen digiri 190, kuma a cikinta akwai ƙaron da ke wanke mahaɗa yayin da yake narkewa. Mahaɗa mai kyau tana sheƙi, tana kwance lif. Wadda ta fito dusu-dusu, a dunƙule, ita ce za ta yi aiki yau ta ƙi gobe. Idan kuma aka daɗe da ƙarfe a wuri ɗaya, sandar tana ƙonewa ta yi baƙi, kuma wannan baƙin yana iya ɗaukar wuta tsakanin kunnuwa biyu, don haka sai a jefar da ita. Saboda darmar nan ne maigida bai taɓa yarda wani yaro ya sa hannu a kwanon abinci ba sai ya wanke da sabulu.

Akwai wani dalili da ya sa wannan hanya ta dace da mu a Gombe, wanda ban taɓa gani a littafi ba. A lokacin wutar NEPA ba ta zama, kuma idan an ɗauke ta, sai mu koma ga ƙarfen liƙi mai kan jan ƙarfe wanda ake gasawa a kurfoti da gawayi. Irin wannan ƙarfe ba a iya daidaita zafinsa. Idan ya taɓa fanel da zafi mai yawa, siraran hanyoyin jan ƙarfen da ke jikinsa sukan ɗaye su tashi. Kunnen sanda kuwa yana da kauri, yana jure wannan zafi, kuma ana iya cire abu a mayar da wani a kansa sau da yawa bai lalace ba.

Abu na farko da na ƙera da kaina shi ne na'urar da za ta maye gurbin batir a rediyon mahaifina. Rediyon yana cin manyan batura 4, kowane bolti 1.5, jimilla bolti 6, kuma da yake ba ya wuce labaran BBC na safe da na dare, ga kuma Rediyon Kaduna, kuɗin batir ya zama abin magana a gidanmu. Na sami taransfoma mai sauke wuta daga bolti 230 zuwa 9, da dayod guda 4 masu lamba 1N4007, da kafasita mai maikurofarad 2200, da ragileta, wato mai daidaita ƙarfin wuta, mai lamba 7806. Kafin in taɓa dalma, maigida ya sa na zana sandar a takarda, na ba kowane kunne lamba, na rubuta abin da zai haɗu a kansa. A nan ne idona ya buɗe. Na gane cewa duk inda layuka suka haɗu a zanen littafi, kunne ɗaya ne a kan sanda, kuma daga ranar zanen da'irar lantarki ya daina ba ni tsoro.

Kunnuwa biyu suka karɓi wayoyin taransfoma, biyu suka zama na fita, dayod huɗun suka zauna a tsakaninsu suna mayar da wuta mai kai da komo ta zama mai tafiya hanya ɗaya. Kafasita ta zauna a mafita, na kula da ƙafarta mai alamar ɗebewa, domin irinta tana fashewa idan aka juya ta. Da na auna da mita sai na ga wajen bolti 11, kamar yadda lissafi ya nuna. Ragileta tana bukatar aƙalla wajen bolti 8 kafin ta ba da 6 daidai, saboda haka ko da wutar unguwa ta yi ƙasa kaɗan, rediyon bai rasa abin da yake so ba. Ƙarfen da ke bayan ragiletar na ɗaure shi a jikin akwatin ƙarfe don ya sha zafinta. Duk ƙafar da za ta gitta wata na sa mata rigar roba da na zare daga tsohuwar waya, ɓangaren wutar 230 kuma na sa masa fis, na nisanta shi da sauran.

Da aka kunna sai aka ji ɗan gurnani a ƙarƙashin muryar mai karanta labarai. Maigida ya ce in ƙara ƙaramar kafasita kusa da ƙafafun ragileta, in kuma gajarta wayoyin. Da a kan fanel ne, da sai an sake zane ko an yi ƙari a bayansa. A kan sanda kuwa, kunnen yana nan a fili, na rataya abin da ake bukata, gurnanin ya ragu har ba a jinsa. Har yau, idan matashi ya zo wurina yana son koyo, daga nan nake fara masa, ba daga allon roba mai ramuka da ake soka kaya ba tare da dalma ba, domin ƙurar hunturu tana shiga ramukansa, kuma yaro yakan ɓata yini yana neman laifi a lissafinsa alhali ƙafa ce ta yi sako-sako.

Sai dai sandar tana da iyaka, kuma na ci karo da ita da wuri. Na so in ƙera fitila mai ƙyaftawa da ayisi, wato ƙaramin ƙulli mai ɗauke da cikakkiyar da'ira a cikinsa, mai lamba 555, wanda ya fito kasuwa tun 1972. Ƙafafunsa 8 ne, tazarar da ke tsakanin kowace biyu milimita 2.54 ce kawai, alhali kunnuwan sandunanmu sun fi haka nisa nesa ba kusa ba. Na gwada ƙara wa kowace ƙafa guntuwar waya, ya yi aiki, amma abin ya zama mai wuyar bi da ido. Maigida ya ce lokaci ya yi da zan san allon Vero mai layukan jan ƙarfe, kuma a lokacin babu shi a shagonmu, sai dai a yi saƙo wurin masu zuwa sarin kaya a Sabon Gari ta Kano. Yadda na tara kuɗin wannan saƙo, da abin da ya biyo baya har na tafi karatu Bauchi, shi ne za mu ɗauka a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.